Kan da aka girgiza a gaban Yaya Sagir

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Sagir, a nan Kuala Lumpur. Duk shekara ina samun saƙonnin addu'a daga mutanenmu, ina amsawa da amin. Bana dai na ga shirun ya isa, gara in faɗi abin da idona ya gani, tunda shi marigayin ba shi da idon gani.

Yaya ya makance tun yana sakandare. Bai zauna ba, ya yi karatu har Turai, a can aka ba shi karen da aka horar don yi wa makafi jagora. Yana kiransa Bahago, saboda kullum a hagunsa yake tafiya. Da ya samu gurbin digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, ni ma na samu nawa karatun, sai muka kama gida tare a unguwar Wangsa Maju. Bahago ya san hanyar tashar jirgin ƙasa, ya san ramukan kwata, ya san yadda zai kewaye baburan da ake fakawa a hanyar masu ƙafa. Yaya kan tsokane ni ya ce kare ya fi ni amfani, don shi ba ya tsayawa duba waya a tsakiyar titi.

Mai gidanmu wata dattijuwa ce 'yar Malay, muna ce mata Makcik. A mazhabarsu kare babbar najasa ne, inda ya taɓa sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Da ta ga Bahago ta ce, "Boleh," wato ta yarda, amma za a ƙara kuɗin dabba kan haya, don wankin gidan ranar da za mu tashi. Ni na ji haushi, na ce wannan ai ba dabbar ado ba ce, wa ya taɓa biyan haya a kan idonsa? Yaya ya ce in bar ta, haƙƙinta ne ta tsare addininta yadda ta koya. Ya biya, bai taɓa yin latti ba, kuma bai taɓa kai Bahago ko kusa da masallaci ba.

Matsala ta taso ne da wasu maƙwabta suka kai ƙara wurin kwamitin ginin. Kwamiti ya ce dokarsu ta hana ajiye kare, amma za su saurare mu, mu zo da babba daga cikin mutanen ƙasarmu ya yi bayani. Ba mu yi dogon tunani ba muka kira Alhaji Bala, dillalin da ke samar wa ɗalibanmu gidaje. Shi ya samo mana gidan. Ya ci tuwo a falonmu ba adadi, kuma a bayan Yaya yake yin tarawihi duk azumi.

A wurin zaman, Makcik ce ta fara magana, ta ce ita ba ta da ƙorafi. Yaya ya bayyana aikin karen. Sai shugaban kwamiti ya juya ga Alhaji ya tambaye shi: a ƙasarku, Musulmi yana iya zama da kare saboda lalura irin wannan? Alhaji ya san amsar. Ya san manoma da mafarauta na ƙauyensu, ya san abin da malamanmu suka ce game da lalura. Bai buɗe baki ba. Ya dubi shugaban, ya girgiza kai a hankali, don kada makaho ya ji. Ni ya manta da ni, ko kuwa ya ɗauka mace ba shaida ba ce.

Da muka fito har ya kama hannun Yaya yana cewa, "Malam, sai haƙuri, wallahi na yi iya ƙoƙarina." Muna shiga gida na fashe da kuka, na faɗa masa komai. Ya ce, "Na sani, Hafsa. Shirunsa na ji."

Daga baya na gane lissafin Alhaji. Masu gidaje da yawa dama ba sa son ba baƙar fata haya, yana tsoron a ce 'yan Najeriya har karnuka suke shigowa da su, kasuwarsa ta mutu. Tsoron ba ƙarya ba ne. Amma da ya zo ya faɗa wa Yaya baki da baki, da an nemi mafita tare. Abin da ya ci mini rai shi ne ya yi amfani da makantar mutum ya cuce shi yana zaune a gefensa.

Kwamiti ya yanke cewa kare ba zai zauna a ginin ba. Mun nemi wani gida, ba mu samu mai karɓar kare ba. Dole aka mayar da Bahago ga waɗanda suka horar da shi, Yaya ya koma riƙe sanda. Kafin shekara ta zagayo, wata ranar ruwan sama, ya sauka kan titi don kauce wa babur da aka tare hanya da shi, mota ta buge shi. Na yarda ajali ne. Na kuma san Bahago yakan kewaye da shi wannan wurin kullum lafiya lau. A jana'iza Alhaji yana sahun gaba. Makcik kuwa ta maido mini da kuɗin dabbar gaba ɗaya, ta ce ta wanke gidanta da hannunta.

Yau 'ya'yan ɗalibanmu suna son kiwon kyanwa, sai ga Alhaji yana tallar gidajen da aka yarda da dabbobi, har da nasa kason a kan kuɗin. Ina tunanin da Yaya yana raye dariya zai yi, ya ce ashe laifin Bahago shi ne bai kawo la'ada ba. Shi ya iya yafiya da wasa. Ni ban gaji wannan halin ba.

Abin da ya rage na Yaya shi ne ɗaliban da ya koya wa Alƙur'ani a falonmu, da linzamin Bahago da ke rataye a ɗakina, da wannan rana da ta ƙi barina. Watan jiya na haɗu da Alhaji a kasuwar Chow Kit. Ya tare ni da fara'a, ya ce, "Hajiya Hafsa, Allah ya jiƙan Malam. Ai kin san mun yi iya ƙoƙarinmu, ko?"

Na dube shi, na girgiza kai a hankali. Shi ai yana da ido, ya gani.