Ruwan Bokiti a Kan Rufinmu

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, a farkon daminar da na cika shekara goma sha ɗaya, ruwan sama ya same mu karon farko a sabon gidanmu na yammacin Omdurman. Ni da ƙannena muka fito tsakar gida muna tsalle, don a ganinmu mun rabu da tsoron hadari ke nan. Muna cikin haka muka ji Haboba, kakarmu ta wajen uba, tana ƙwala kira daga ɗaki. Muka ruga muka tarar da ita tsaye a kan gadonta na igiya, ta rungume buhun gari, ruwa na tsiyaya daga rufin kwano ta wuri huɗu, bango kuma ya tsage har yatsa na shiga.

A unguwar Mayo aka haife ni, a ɗakin laka wanda kowace damina sai ta ci wani ɓangarensa. Iyayena daga gonakin auduga na Jazira suka taso, Baba ya koyi ɗinki ya samu inuwa a Kasuwar Libiya ta Omdurman. Shekaru ya yi yana yawo da takardu kafin sunansa ya fito a ƙuri'ar gidajen da hukuma ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi. Sabon gidan ɗaki ɗaya ne da madafa da bayi, sai fili da muka kafa rumfa a ciki, amma mu a wurinmu birni ne guda. Layukan sun miƙe sambal, ƙofofin duk shuɗi, har sau biyu ƙanena Musa yana faɗawa gidan mutane da gudu. Da safe in tare mai amalanken jaki ya cika mana randa, in hura wa Inna gawayin gasa kisra, wainar dawa ta Sudan, sannan in bi 'yan layinmu makaranta. Da yamma mu zana ɗakuna a kan rairayi mu yi ta ɗingishi a ciki har a kira magariba.

Wannan ruwan bai bar kowa ba a layinmu, amma Hajja Batula ya fi taɓawa. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku da sayar da gyaɗa. Bangon ɗakinta ya karkata, suka koma kwana a rumfa, ta fara ɗaure kaya tana cewa gara ta nemi inda za ta raɓa. Kowa ya san gidan da aka bari a rufe wani ake ba wa. Inna ta ce za ta kai kuka mahalliya, wato ƙaramar hukumarmu. Baba ya ce, "Rabi, ki yi haƙuri. Kada a ce mun cika ƙorafi a karɓe gidan." Ta ce, "Malam, mu muna da kai. Batula wa take da shi?" Sau uku tana hawa bas ita da mata biyu, ni ce mai rubuta musu takarda da Larabcin 'yar aji biyar, har aka ce lajana, kwamitin duba gidaje, za ta zo ranar Talata.

Ranar Lahadi sai ga yaran ɗan kwangilar da ya gina gidajen. Suka liƙe tsagar bango da kwaɓi, suka shafe da farar ƙasa, ko rufin ba su ɗaga kai sun duba ba. Ga shi kwana goma ba a yi ko yayyafi ba. Inna ta tsaya tana kallon bangon nan fari tas, can ta juyo ta tambaye ni ko ina tsoron hawa tsani.

Ranar Talata da hantsi ina kan rufi, na durƙusa a kan layin ƙusa yadda ta nuna mini, bokiti biyu a gefena, kwano na ƙona mini gwiwa. Na ga mota ta tsaya, maza biyu suka fito da wata injiniya mai farin tobi, lafayar matan Sudan, riƙe da takardu, ɗan kwangila na gaba yana nuna musu farin bango. Suka shiga ɗakinmu. Da na ji Inna ta buga faranti, na yi bisimilla na tuntsurar da bokitin farko, na bi shi da na biyu. Sai na ji muryar ɗan kwangila yana faɗa, da ta Haboba tana salati. Na ce a raina shi ke nan, mun jawo wa Baba abin da yake gudu.

Injiniyar ta fito, kafaɗarta jiƙe, tawada ta narke a takardarta. Ta ɗaga kai ta gan ni, ta dubi Inna ta ce, "Ya Hajja, wa ya ba ki wannan shawara?" Inna ta ce, "Ustaza, damina ba ta san ranar zuwanku ba, shi ya sa na aiki 'yata." Matar ta fashe da dariya, ta tattare tobinta, ta hau tsanin da ƙafarta. Ta duba ƙusoshin, ta ɗaga kwano da hannu ɗaya, ta ce a yi haka a kowane gida. Kafin azahar yaran layin duk suna kan rufi, mai jaki ya yi sawu uku, mata na guɗa duk inda ruwa ya zubo. A gidan Hajja Batula ko bokiti ba a nema ba. Injiniyar ta kankare farar ƙasa da makullin mota, ta ce kada kowa ya sake kwana a ciki, ta rubuta cewa gidan na Batula ne ko tana ciki ko ba ta ciki. Ba ta sa hannu a takardar ɗan kwangila ba.

Bayan mako biyu magina suka dawo, wannan karon da mai sa ido daga mahalliya. Aka sake rufi, aka rushe bangon Hajja Batula aka ɗaga sabo. Kwana goma sha biyu suna gidanmu ita da jikokinta, muna ci a kwano ɗaya. Ranar da ta koma ta soya gyaɗa ta raba wa layin kaf, Baba kuwa ya ɗinka wa Inna sabuwar riga.

Yau ina zaune a gidan haya mai bene, nesa da Omdurman. In famfo ya lalace waya nake bugawa, maƙwabcina ma ba ya sanin an yi. Yaƙi ya watsa mutanen layinmu, wasu na Jazira, wasu sun tsallaka iyaka, Inna tana wajena ta tsufa, kullum tana tambayar labarin wance da wance. Mun zauna a gidaje da yawa tun daga nan, amma wancan kaɗai muke kira gida.