Wafiyya ta Layin Baya

Wafiyya 'yar Usta Mitwalli kafinta ce. A Iskandariyya aka haife ta, a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Waƙa a bakin Gwaggo Bahiyya ta fara koyo, ƙanwar babanta mai waƙar biki. Tsofaffin waƙoƙi ne, irin waɗanda akan riƙe kalma ɗaya a yi ta lanƙwasa ta har shayin mai sauraro ya huce.

A hawa na biyu akwai wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Karla, mai koyar da opera, wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa. Wata safiya ta ji Wafiyya ta leƙo ta taga tana ƙwala wa mai kifi kira, alhali ya riga ya sha kwana. Mai kifin ya dawo. Madam ta dogara sanda ta hau ta roƙi Usta ya ba ta yarinyar. Ya ce in dai ba za a fasa aikenta kasuwa ba, ya yarda.

Ranar farko Madam ta rufe fiyano ta ce, "Muryarki tsakanin maɓallai biyu take faɗawa. Babu komai a wurin sai ƙura."

Wafiyya ta kai wa Gwaggo maganar. Gwaggo ta ce, "Ki gaya mata a wurin nake cin abinci shekara talatin."

Bayan wata shida ta rera wa Gwaggo abin da ta koyo wurin Madam. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Sannu, 'yata. Gobara ce ko ɓarawo?"

Daga nan Wafiyya ta raba muryarta biyu, kowace da gidanta.

Tana shekara ashirin da uku ta tafi Alƙahira, aka ɗauke ta cikin 'yan amshin wata ƙungiyar opera. Saboda tsawonta aka ajiye ta a layin baya, kuma a nan ta shekara ashirin da shida. Ta fito a baiwa, ta fito a 'yar ƙauye, sau ɗaya ma ta fito a soja da gashin baki na auduga. Mijinta Ra'uf, malamin lissafi, bai taɓa fashin zuwa kallo ba, bai kuma taɓa gano ta ba.

"Yau kin yi kyau," in ji shi.

"Ina nake tsaye?"

"Ta hagu."

"Wannan ai abokiyar amshina Ihsan ce, Ra'uf."

Ranar Alhamis kuwa takan je bukukuwan unguwa da muryar Gwaggo, tana zaton a wurin aiki babu wanda ya sani.

Wata shekara wani Bature madugun makaɗa ya zo da tsohuwar waƙar Larabci da ya tsara wa makaɗa sittin. Babbar mawaƙiyar ƙungiyar ta rera ta a miƙe sambal kamar layin dogo. Baturen ya tambaya ko akwai wadda ta tashi da waƙar a gida. Ihsan ta zunguri Wafiyya. "Ga ta nan, a bikin ƙanena ta yi ta."

Aka fito da ita gaba. Masu goge suka maƙale wa takardar kiɗa, ta ce su ɗan sauke yatsa.

Ɗaya ya tambaye ta, "Kamar yaya, Madam?"

"Kamar za ka faɗi magana ka fasa."

Ashe rabinsu sun iya. Su ma biki suke zuwa ranar Alhamis.

Ranar wasa aka kawo Gwaggo a jirgin ƙasa, ta haura tamanin. Wafiyya ta kai tsakiyar waƙa, ta lanƙwasa wata kalma, sai Gwaggo ta ɗaga murya: "Allah! Maimaita, 'yar Mitwalli!" Masu kwat suka juyo suna harara, amma 'yan kallon saman bene suka ɗauki ihun. Wafiyya ta maimaita. Baturen ya tsaya da sandar jagorancin kiɗa a sama, mutum sittin suna jira. Sai da ta maimaita sau uku ya shigo da su. Da aka tashi ya tambaya ko tsohuwar ba ta da lafiya ne. Aka ce yabo ne. Ya ɗauki fensir ya rubuta a takardarsa cewa a wurin nan a dakata.

Sun kai waƙar birane uku a Turai. Can babu mai ihu, amma Baturen yakan dakata, ita kuma ta tsaya tana kallon mutane suna kallonta. Da ta dawo ta koma layin baya, ta ƙara shekara huɗu, ta yi ritaya.

Yanzu tana koyarwa a ɗakinta a unguwar Shubra. Bara wata ɗalibarta ta yi waƙa a Jamus, ta turo mata bidiyon wasan a waya. Wafiyya ta kalla sau biyar, ta share ido, ta kira ta.

"Kin ja numfashi a tsakiyar kalma. Kina dai cin abinci a can?"