Hannun Daman Abokina

Shekarun baya, lokacin ina tuƙin motar kamfani, ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Bin Omran, can ƙasar Larabawa, da wani abokina mai aikin wuta. Shi a gadon sama, ni a ƙasa. Tun a Kano yake wayarin, kuma ya iya, wannan kowa ya shaida. Ni kuwa ko ƙwan fitila zan canza sai na karanto duk addu'ar da na sani.

Doka ɗaya ce ke ba shi dariya a kamfaninsu. In an kashe wuta za a yi aiki, dole a sa ƙaramin kwaɗo a akwatin wutar, mai aikin ya jefa mukullin a aljihu. Yakan ce, "Kwaɗo fa! Sai ka ce shagon gwal. Mu a gida ka ce kar a taɓa, shi ke nan magana ta ƙare."

Ranar Juma'a, da yake hutu ne, yakan bi gidajen mutane yana gyare-gyare. Ya sani, mu ma mun sani, takardunsa ba su ba shi wannan damar ba, kuma inshorar kamfani ba ruwanta da abin da ya same ka a gidan wani. Amma ga mahaifiya a gida, ga ƙanne a makaranta.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci aka kira shi wani gida a unguwar Gharrafa, hitar ruwa ta lalace. Ya kashe wuta, ya ce wa direban gidan kar a taɓa, ya shige banɗaki. Can aka aiki direban. Uwargidan ta dawo daga unguwa ta tarar gida ya ɗau zafi, yara na kuka, sai ta buɗe akwatin ta mayar da wuta. Ba ta ma san da mutum a ciki ba.

Allah ya yi da sauran kwana, wutar ta yi jifa da shi. Mutanen gidan sun so kai shi asibiti, ya ƙi. Ya dawo ɗaki da hannun dama naɗe a tawul.

Na ce, "Yalla, tashi mu tafi asibiti."

Ya ce, "Su tambaye ni a ina abin ya faru, in ce musu me? Kafil, wanda ya kawo ni aiki ƙasar nan, ya ji, khalas, shi ke nan sai jirgin gida. Don Allah ka rufa mini asiri."

Da ya warware tawul ɗin, tabon ɗan ƙarami ne, kamar an ɗiga masa mai. Ya shafa zuma yadda ake yi wa ƙuna a gida, ya ce wa kamfani zazzaɓi yake. Ni ina faɗa, yana cewa gobe. Ashe ƙunar wuta daga ciki take ci. Ranar da na ga yatsun sun fara baƙi, ban ƙara neman shawararsa ba, na sa shi a mota.

Abin da ya fi yi mini ciwo, a asibitin sai da suka duba hannun tukuna kafin wata tambaya. Likita ya ce da mun zo da wuri, da wataƙila an ceto yatsun. Aka yanke yatsu biyu. Inshora ta ce ba a bakin aikin kamfani ba ne, aikin ma ya tafi.

Kafin ya koma gida na fitar da shi Corniche, bakin teku, ya sha iska. Ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo, ya ba ni wayar in riƙe masa, ya cusa hannun dama a aljihu ya ɗaga mata hagu. Ta ce, "Kai, tun yaushe ka koyi gaishe ni da hagu? Abin da ake koya muku a can ke nan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ni dai na kau da kai ina kallon jiragen ruwa, idona ya cika.

Yanzu yana Kano yana sayar da kayan wuta, lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa har yau duk ɗan'uwan da ya ce mini ya samu aikin Juma'a, ba na yi masa wa'azi, na san abin da ya baro a gida. Nakan dai tambaye shi wa zai tsaya masa in abu ya faru, sannan in tambaye shi ko yana da kwaɗo. Yawanci dariya suke yi, irin dariyar abokina sak.