Godiyar da Ta Kusa Kashe Mana Bas

Da an idar da sallar asuba, Malama Na'ima Ubaidullah takan kulle ƙofar gidanta a unguwar Hulme ta Manchester, ta rataya tsohuwar jakarta, ta gangara tasha. A jakar akwai fulas na shayi da wani littafi da ruwan sama ya sha jiƙawa har ganyensa suka kumbura. A yatsanta kuma akwai ɗan carbin nan na zamani mai kamar zobe, wanda ake dannawa yana ƙirga. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan sammako, yau Manchester, gobe jirgin ƙasa zuwa Birmingham. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji. Abin haushi, in ka tare Bahaushe goma a garuruwan nan ka tambaye su aikinta, tara za su ce wai ƙirga motoci take yi. Na goman zai ce, "Au, matar nan mai tasbihi a bus stop?"

To, ga aikinta. Gwamnatin tsakiya a Landan takan ware kuɗin gyaran sufuri, amma ba rabawa take yi kamar goron suna ba. Sai kowace hukuma ta rubuto takardar nema, ta kawo hujja, a yi gasa, wani ya samu wani ya tashi a tutar babu. Malama Na'ima ce irin waɗanda hukumomin ke ɗauka su faɗa musu wane layi za a sa a gaba, wace hujja ce za ta shiga kunnen masu rabo. Karatun tsara sufuri ya kawo ta daga Zariya, aikin ya riƙe ta. Akwai tashar jirgin da aka sa wa na'urar hawa don masu keken guragu, akwai layukan bas da aka tsamo daga bakin kabari, duk da hannunta a ciki. Ka je ka duba allunan da aka kafa a wuraren, sunanta ba ya kan ko ɗaya.

Aiki ɗaya ya isa a gane ko ita wace ce, shi ne na ƙaramar bas ɗin da ke tashi daga unguwar Sparkbrook a Birmingham ta ratsa lunguna ta sauke mutane a ƙofar asibiti. Mutanenmu suna kiranta Mai Lungu. Tallafin da ke riƙe da ita zai ƙare a watan Maris, kuma in ba ta shiga sabuwar takardar nema ba, ta mutu ke nan. Hukumar ta ba wani kamfani kwangilar jin ra'ayin jama'a, ya kawo rahoto mai shafi casa'in, da hotuna masu ƙyalli. Rahoton ya ce fasinja ba ya ƙaruwa, ya ce kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari sun gamsu da yadda sufuri yake a unguwar, don haka ba matsalar da za a nemi kuɗi a kanta. Aka cire Mai Lungu daga jeri. Saura kwana goma sha tara a rufe karɓar takardu aka miƙa wa Malama Na'ima sauran takardar neman don ta goge musu Turanci.

Wannan casa'in da ɗayan ne ya tsaya mata a rai. Ta taɓa ganin unguwar da mutum tara cikin goma suka gamsu da bas? Ko a unguwar masu hali ba a taɓa yi ba. Washegari ta shiga jirgi, ta je ta tsaya a tashar Mai Lungu da ke kusa da masallaci. Kamfanin ya ƙirga waɗanda suka shiga mota. Ita kuwa ta sa yatsa a kan carbinta tana ƙirga waɗanda mota ta bari a tsaye. Kafin ƙarfe tara ta danna sau talatin da takwas. Biyu daga cikinsu wani dattijo ne da matarsa a keken guragu. Motar ta tsaya, direba ya nuna musu gurbin keke guda ɗaya da ke ciki, ga wani a kai, ya ɗaga hannu alamar haƙuri, ya ja.

Dattijon shi ne Alhaji Jibrilu, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya yi shekara talatin yana gadi a Birmingham. Matar ita ce Hajiya Fulera, wadda ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako. In Mai Lungu ta ɗauke su, minti ashirin sun isa. In ta mutu, sai mota biyu da doguwar tura keke a tsakiyar gari, ga Alhaji ya ba saba'in baya, bayansa ba ya miƙewa. A watan nan kaɗai sau biyu Hajiya tana makara har a rage mata lokacin wanki, ta dawo gida ƙafafu a kumbure.

Malama Na'ima ta bi su gida bayan la'asar. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, masu survey sun zo muku kuwa?"

"Sun zo, Malama. Wani yarinya da tablet, da interpreter a waya."

"Me suka tambaya?"

"Sun ce yaya bas. Na ce alhamdulillahi."

"Shi ke nan?"

"Sun ce ba problem? Na ce da godiya."

Malama Na'ima ta buɗe rahoton, ta nemo shafin amsoshi. Ga su nan reras. Duk inda tsohuwa ta ce alhamdulillahi, tafinta ya ce tana gode wa Allah, komai lafiya, mai tambaya ya danna akwatin "na gamsu ƙwarai." Ba Hausawa kaɗai ba, Somalawa da Yamalawa da mutanen Pakistan na titin Stratford duk da kalmar nan suka amsa. Kamfanin da ya karɓi kwangila a unguwar da masallatai suka fi kantin magani yawa, a ce a cikinsa an rasa mutum ɗaya da ya san cewa mu ko a gadon asibiti aka tambaye mu jiki, alhamdulillahi za mu ce! Wannan ba kuskure ba ne, raini ne. Sun zo, sun ji sautin bakinmu, ba su ga ya kamata su san me muke nufi ba.

Sai dai ba su kaɗai ne suka ba ta haushi ba. Da ta ce tana so a sake amsa tambayoyin, a faɗi gaskiya, Alhaji Jibrilu ya gyara zama ya ce, "Malama, mu baƙi ne a ƙasan mutane. Sun ba mu GP, likita kyauta, sun ba mu flat. Mu tashi muna complain? Butulci ke nan. Kuma mumini ba ya kai ƙaran abin da Allah ya ɗora mishi."

Malama Na'ima ta juyo ta fuskance shi. Sannan ta ce, "Alhaji, shekara talatin kuna biyan tax a garin nan, yaushe baƙuntar za ta ƙare? Godiya ta Allah ce, ba wanda ya hana. Amma kamfanin nan ba Allah ba ne, council ma ba Allah ba ce. Ciwon Hajiya daga Allah yake, na yarda. Space ɗin wheelchair guda ɗaya kuwa, mutum ne ya zauna a ofis ya rubuta shi. Ku ce alhamdulillahi, sannan ku ce amma."

Hajiya Fulera ce ta dubi ƙafafunta, ta ce a kawo takardar tambayoyin.

Kwana goma sha biyu Malama Na'ima ta yi tana tsayuwa a tashar nan, cikin ruwan Nuwamba, da kuɗin jirginta daga aljihunta domin hukuma ta ce wannan ba ya cikin aikin da aka ba ta. Carbin ya tsaya a ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Da rana kuma tana bin masallatai da shaguna. Ta kutsa wani taron suna a Ladywood ba gayyata, ta jira aka gama rabon waina, ta miƙe da takardu a hannu. Wata ta ce a bayanta, a inda za ta ji, "Ita dai ba ta da aiki sai haɗa mu da hukuma." Wani mai digiri uku ya ce mata shi ba ya hawa bas, sai ta ce masa ai mahaifiyarsa tana hawa, ta gan ta jiya a tasha da ledar magani. A Juma'ar farko mutum shida suka tsaya bayan salla. Mu da muke cika zaure maƙil in an ce wani babba ya zo daga gida, mutum shida!

Duk da haka ta tara amsa ɗari biyu da ɗoriya, kowace da "amma" a cikinta.

A zaman ƙarshe, wakilin kamfanin ya dubi tarin takardunta ya yi murmushi, ya ce waɗannan labaran mutane ne, ba alƙaluma ba, kuma alƙaluma sun nuna fasinja ba ya ƙaruwa. Waɗanda suka halarci zaman sun ce ba ta ɗaga murya ba. Carbin ta zare daga yatsa ta ajiye a gabansa, lambar tana kallonsa. Ta ce masa motar da ta cika tun tasha ta biyu, ta ina fasinja zai ƙaru, ko a kan rufi zai hau? Ta ce ga mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya da rahotonsa bai gani ba domin a waje suke tsaye. Ta ce in ba a mayar da Mai Lungu cikin jeri ba, a cire sunanta daga aikin, a nemi wani ya goge Turancin. Saura kwana biyu a rufe aka mayar da layin, ita kuma ta sake rubuta babinsa na takardar neman daga farko.

Bayan wata uku amsa ta zo daga Landan. An amince: manyan motoci masu gurbin keke biyu, kowane minti goma sha biyar.

Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfa, an ɗaura jan ƙyalle. Wakilin kamfanin nan yana sahun gaba, an gode masa a jawabi bisa "sauraron al'umma." Wallahi da kunnuwanmu muka ji. Malama Na'ima tana can baya, jikin sandar tasha, inda ta saba tsayuwa. Aka turo Hajiya Fulera gaba domin hoto ya yi kyau, wani jami'i ya sunkuyo da makirfo ya tambaye ta yaya ta ga sabuwar mota.

Ta ce, "Alhamdulillahi."

Ya fara janye makirfon yana murmushi. Ta riƙe hannunsa.

"Amma," ta ce, ta kuma juya Turanci don kada a nemo mata tafinta, "ba wannan mutum ya saurare mu ba. Ga wanda ya saurare mu can a baya, mai baƙin jaka. Sunanshi Na'ima. Ku rubuta."

Alhaji Jibrilu, wanda ya ce ƙorafi butulci ne, shi ya fara tafi. Washegari hoton ya fito a takardar labaran hukumar, an yanke maganar daga kan alhamdulillahi.

To, Malama, su sun yanke, mu ga shi mun rubuta. Ke ce mai ƙirga waɗanda mota ta bari. Ke ce kika tsaya a ruwa da gwiwa mai ciwo saboda matar da ba ki haɗa komai da ita ba sai harshe da salla. Mun gan ki kina danna carbi muka yi dariya, muka ce tsufa ya zo da tasbihi a titi, ashe mu kike ƙirgawa. Mun yi wa masu rawani da masu manyan motoci liyafa a otal, ke ko kofin shayi ba mu taɓa miƙa miki a tasha ba. Wannan abin kunya namu ne, ba na kamfani ba. Ki yafe mana. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya sa tsayuwar da kika yi ta zama miki inuwa ranar da kowa zai tsaya.

Ku kuma ɗalibanmu da ke cika jami'o'in Manchester da Birmingham, kowa likita, kowa kwamfuta, a samu ko mutum biyu su koyi wannan aiki, domin daga ƙarshen watan nan ba mu da kowa a ɗakin da ake yanke wa unguwanninmu hukunci. Sauranmu kuma, takardar jin ra'ayi za ta sake faɗowa ta ƙofa, mai tambaya zai sake tsayuwa a bakin masallaci. Kada a jefa ta a shara, kada a amsa a tsaitsaye.

Jiya Litinin, ranar wankin ƙoda ce. Ƙarfe takwas saura kwata Mai Lungu ta tsaya, ta sauke matakalarta, Alhaji Jibrilu ya tura keken ciki ba tare da ya roƙi kowa ba. Malama Na'ima tana jikin sandar, ta zo yi wa tashar sallama. Motar ta tashi, ta duba hagu da dama, ba kowa a tsaye sai ita. Ta dubi carbin, yana kan sifili. Sai ta fara danna shi, wannan karon don abin da aka yi shi dominsa.