Awaki Na Cinye Mini Shago

Wallahi na sha wuya, jama'a. Shagona awaki ke cinyewa!

Indararo ne ya toshe, ruwan shekaranjiya ya huda soro, ya narkar da gishirin da nake sayarwa kaf. Jiya na ɗauko Audu magini daga Bebeji, mai gyaran ɗakunan da ruwa ya ci. Ya lashi bango, ya tofar.

Ya ce, "Maigida, bangon nan ya sha gishiri. Yaɓe ba zai kama ba, sai rushewa."

Na ce, "Da me zan sake gini?"

Ina rufe baki, sai ga awakin unguwa, har da shanun Jauro Bafulatani, suna ta lasa. Bango na zaizayewa ina kallo!

Yau da sassafe na ɗauki sanda na zauna gindinsa. Gishiri ya tafi, ƙasa nake gadi.