Saudatu da Mu 'Yan Gida

A ofishinmu na zanen gine-gine da ke Garki a Abuja, Saudatu ce mai kula da mu masu aiki daga gida. Tun bayan korona aka raba mu biyu, wasu suna zuwa ofis, mu kuma muna gida, kowa da kwamfutarsa da janaretonsa mai tari. 'Yan ofis suna tsokanarta da "uwar 'yan gida", ita kuwa ko a jikinta. 'Yar Zariya ce, gajeriya mai saurin magana, ta yi shekaru tana sakatariya kafin a ɗora mata mu. In wuta ta ɗauke maka ana tsakiyar mitin, ita za ta ce, "Netwok ne, oga, yana nan." Ta sha yi mini wannan ƙaryar ina layin mai a Apo.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne, a ofishin nan ba a mitin ake yanke magana ba. Bayan sallar azahar ake yanke ta, a bakin masallaci, ana neman takalma. Mu sai dai mu ji an yi. Ta yi mita har ta gaji, kullum a ce mata, "Ai kowa ya sani." Kowan nan ban da mu.

Haka mahaifiyar oga ta rasu a makon da Saudatu ke jinyar ɗanta a asibiti. 'Yan ofis suka cika mota suka tafi gaisuwa, babu wanda ya tuna ya ɗaga mana waya. Oga ya ƙullace mu. Da ya dawo sai ya ce mutanen da ba su san zumunci ba bai ga amfaninsu ba, duk ɗan gida ya dawo ofis ko ya kama gabansa. Wallahi ranar na ji kamar in fasa kwamfutar.

Ni komawa ba za ta gagare ni ba, cunkoson hanya ne kawai. Abokin aikinmu Kure ne matsalar. Mai zane ne da aka ɗauka lokacin kullen korona, yana zaune a unguwar Durumi, da sanduna biyu yake tafiya tun wani haɗarin babur. Ofishinmu a saman bene yake, ba lifta. Oga bai taɓa ganinsa ba, don netwok ɗin Durumi ba ya ɗaukar kamara. In dokar nan ta tsaya, aikin Kure ya tafi.

Saudatu ta shiga wurin oga ta yi bayani, ya ce ta fita. Ta sake shiga, ya ce mata wanda ya damu da kai ƙafarsa ke kawo shi. Sai ta ce to ai ga sadakar arba'in nan tafe. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya a waya kan lallai mu je, har da faɗa, ta aro motar mijinta ta je Durumi da kanta ta ɗauko Kure.

"Anti, ni ban iya wannan gaisuwa na ku ba fa," in ji shi a hanya.

"Allah ya jiƙan Hajiya kawai za ka ce. Sauran ka bar mini."

Mun tarar da ƙofar gidan cike da jama'a, ana rabon abinci ga mabarata a gefe. Saudatu ta tafi neman wurin ajiye mota, Kure ya dogara sandunansa ya nufi inda oga ke karɓar gaisuwa. Oga ya ɗago ya dube shi, ya juya ga wani ƙanensa.

"A ba bawan Allahn nan nasa a can waje, kada a bar shi a rana."

Aka miƙa wa Kure robar shinkafa a cikin leda. Daidai nan Saudatu ta iso tana haki.

"Oga, Kure ne fa!"

Kure ya rataya ledar a hannun sandarsa, ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya," ya juya. Na bi shi, ya ce in bar shi, zai hau keke Napep.

Washegari oga ya kira Saudatu, ya ce dokar ba ta shafi Kure ba, ya yi zamansa a gida. Abin da ta yi makonni tana roƙo ke nan. Ta kira Kure tana rawar jiki don ta ba shi albishir, ya saurare ta har ta gama.

"Na gode, Anti, kin yi ƙoƙari," in ji shi. "Ki aiko a ɗauki kwamfutan ofis ɗin, na bar aikin."