Ranar da Saje Ya Tafa wa Mai Kuka

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta inda na ajiye ludayi, ba zan manta yammacin da katun ɗin yara ya tona wa maigidana asiri ba.

Ni ba mai fita ba ce. Daga ɗaki sai madafi, sai gindin mangwaron tsakar gida, bokona kuma bai taka kara ya karya ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga takun mutum a zaure nakan gane ko da fushi ya dawo ko da tsaraba. Maigidana kuwa tsohon soja ne, kamar dattawa da yawa a nan Zuru, kowa Saje yake ce masa, har ni. Mutumin kirki ne, sai dai cika baki. A faɗarsa, tun yana saurayi a Dabai ba a taɓa kai bayansa ƙasa a kokawa ba, bai kuma taɓa ciwo ba, sai dai "jiki ya ɗan yi gardama".

A shekarar nan jikokinmu suka zo hutu. Maƙwabcinmu, wani ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan wuta, ya zuba musu katun a ɗan abin nan da ake soka wa talabijin. Da an kawo wuta sai su baje a tabarma. Jarumin ciki wani ƙato ne mai faffaɗan ƙirji da hular ƙarfe, kullum yana dukan ƙirji yana daka tsawa da Turanci. Yaran suka ce cewa yake ba wanda ya isa da shi. Nan da nan Saje ya ɗauke shi ɗa. Yakan jawo kujerarsa ya ce, "Ku matsa, ɗana ya fito!"

Ni ba na jin Turanci, saboda haka muryar kawai nake bi. Sai na lura kafin kowace fankama jarumin nan yakan ja numfashi ya haɗiye, kuma yana ɗaga murya fiye da yadda maganar take bukata. Na ce musu, "Wannan ƙaton naku tsoro yake ji." Suka kwashe da dariya. Saje ya ce, "Ke da ba ki san ko zaginki yake ba? Je ki duba tukunyarki." Amma ni na san irin wannan numfashin. Da shi nake zaune shekara da shekaru.

A makon nan aka yi sanarwa cewa likitocin ido sun sauka a asibitin gari suna cire yana, kuma ba za su daɗe ba. Dama na jima ina zargin idon Saje ya fara dushewa. Saje ya jingine babur ɗinsa wai hawan yara ne, kuma ba ya gaida mutum sai mutumin ya fara magana. Da na taɓa masa zancen sai ya taso min. "Idon soja? Daga nan ina hango kaska a jikin saniyar da ke Danko!"

Ranar da nake ba ku labari, bayan la'asar ne, ina gefe ina tsinke zogale. Aka zo inda jarumin ya gama cika baki a gaban mutanen garinsa cewa gobe shi kaɗai zai tari dodo. Sai ya zagaya bayan wani dutse, ya tuɓe hular ƙarfen. Ashe ɗan kai ne ƙarami a ciki. Hawaye na ta zuba daga idonsa. Ba magana ko ɗaya, kiɗa ne kawai mai ganguna.

Sai Saje ya hau tafi. "Haka ake namiji! Ku dube shi, ko gezau!"

Ƙaramar jikar, wadda yake kira amaryarsa, ta juyo ta dube shi. "Angona, kuka fa yake yi."

Tafin ya tsaya a iska. Ya yi 'yar dariya ya ce ai gwada su yake, ya miƙe ya nufi ɗakinsa. Na ji yatsunsa suna shafa bango kafin ya sami ƙofa. Wannan sautin ya fi komai taɓa ni, har yau.

Na kori yaran waje, na bi shi da kunu, ko da yake ba lokacin kunu ba ne. Na zauna a bakin gado ban ce komai ba, abin da ke da wuya a wurina.

Can ya ce, "Da gaske kuka yake?"

"Da gaske. Har da majina."

"Amma gobe zai je wurin dodon?"

"Yaran sun ce zai je."

Ya ja numfashin nan, na zaci wata fankamar ce za ta biyo baya. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar da ban ji ba tun ranar da muka binne ɗanmu na fari. "Likitocin nan za su kwantar da ni su rufe min fuska. In na tashi ban ga komai ba fa? Yanzu ko ba komai ina ganin inuwarki tana wucewa. In ita ma ta tafi, wa zai ja ni a titi, ni Saje?"

Na ce, "Ni."

"Ke da ko kasuwa sai an yi da gaske?"

"To, ka samo min dalilin fita."

Washegari muka tafi. A layin asibiti ya cika wurin da labarin yadda aka taɓa ɗinke shi ba allurar kashe zafi, har wani dattijo daga Sakaba yana ta jinjina masa. Ba wanda ya ga hannunsa a ƙarƙashin mayafina, ya damƙe nawa, jiƙe da gumi. Ban tona shi ba. Har taya shi na yi, na ce ai ni shaida ce.

Bayan an yi masa aikin, da aka cire masa bandeji, ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Kai! Ashe haka kika tsufa, ba wanda ya gaya min?" Na ce shi ma ya jira a kawo masa madubi. Muka yi ta dariya muna share ido, ma'aikaciyar jinya tana yi masa faɗa kada ya taɓa wurin.

Bai daina cika baki ba, ni ma ban nemi ya daina ba. Abin da na koya shi ne, in ka ji mutum yana ɗaga murya cewa ba ya tsoron komai, kada ka yi saurin jin haushinsa, kada kuma ka kunyata shi a gaban jama'a. Ka jira sai kun keɓe, ka zauna kusa da shi, ka kama bakinka. Sau da yawa abin da yake ta kewayawa ke nan: wanda zai ji tsoron nasa, kuma bai raina shi ba.